Ashe Haka Fari Yake

Auta: Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?

Baba: Wa alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya shagon hoton namu?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya jiki? Ya Umma?

Baba: Lafiyarta ƙalau. Ya maigidan naki da yara?

Auta: Suna gaishe ka. Baba, ya idon? An cire bandejin?

Baba: An cire ɗazu. Auta... ashe haka fari yake?

Auta: Fari kuma? Ai jiya ma an yi ruwa.

Baba: Ke! Ba rashin ruwa ba. Fari, launi! Kina ji na?

Auta: Yanzu na ji ka. Layin ne ke rawa.

Baba: Kyamarata na ɗauko in gwada. Kin tuna yadda na koya miki? A nuna mata farar takarda, ta san wannan shi ne fari, sannan a ɗauki hoto.

Auta: Na tuna mana. Saitin ƙwan lantarki daban, na hasken taga daban.

Baba: To na riƙe takardar a bakin taga. Na rufe idon da aka cire wa yana, sai ga ta kamar an tsoma ta a shayi. Na buɗe shi, na rufe ɗayan... Allahu Akbar! Sai da na nemi kujera.

Auta: Ikon Allah! Shi ya sa kullum sai ka ƙara wa hoto shuɗi!

Baba: Ina ta yi miki faɗa wai naki sun yi rawaya. Ashe rawayar a idona take.

Auta: Kai, Baba!

Baba: Tsaya ki ji. Na ɗauki hoton uwarki a ɗaki, fitila ta mai da ita ja. Na sake nuna takarda, na sake ɗauka. Auta, furfura! Gashin goshinta fari fat, yana sheƙi. Ban san ranar da ya koma haka ba.

Auta: Ai ya daɗe, Baba. Me ta ce?

Baba: Ta ja gyale tana dariya, wai in daina kallonta kamar baƙo.

Auta: To mutumin da zai zo gobe sayen kyamarar fa?

Baba: Ki ce masa an fasa. Ina dawowa shago. Kai, ga uwarki can ta fito shanya, rana ta sauka a fuskarta! Bari in...

Auta: Baba? Halo? Baba!