Dutsen Niƙa a Kan Sikeli

Ikilima: Salamu alaikum. Halo? Yaya Kubura?

Kubura: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Ikilima: Haba Yaya, Ikilima ce. Har kin goge lambar ƙanwarki?

Kubura: Au, manyan gari ne. Ina wuni?

Ikilima: Ni zan gaishe ki ai. Ina wuni, ya gida, ya yara?

Kubura: Lafiya lau. Ya Daura, ya mai gidan naki?

Ikilima: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Babban Mutum? An gama yankan gero?

Kubura: An kusa. Ya ƙarfin jiki? Na ji an ce bayan kin ba da jini har madara da gasasshiyar hanta aka sayo miki.

Ikilima: Kin tambayi kowa, ba ki tambayi Inna ba.

Kubura: Inna tana da masu tambayarta. Ba ga ki nan a asibiti ba?

Ikilima: Yaya, tun shekaranjiya da kika fice daga asibitin nan... Halo? Kina jina?

Kubura: Tsaya in fita tsakar gida, layin Nijar ke ta shigo mini. To, faɗi.

Ikilima: Na ce tun da kika tafi, Inna ba ta ci abin kirki ba. Cokali biyu na kunu, sai ta juya fuska bango. Likita ya ce jinin ya karɓe ta, amma in ba ta ci abinci ba, aikin banza aka yi.

Kubura: To ki ba ta mana. Ba jininki ne ke yawo a jikinta ba? Ai ya kamata ya ji maganarki.

Ikilima: Subhanallahi! Wai kishi kike da ni a kan ledar jini ɗaya?

Kubura: E, kishi nake! Na faɗa, kishi nake, sai me? Shekara nawa ina ɗaga Inna ina kwantarwa? Wa ke mata wanka? Wa ke wanke mata zannuwa? Ke sai ranar Sallah ki zo da atamfa, a yi ta shi miki albarka har ki shiga mota. Rana ɗaya aka ce ana son jini, na miƙa hannuna, wata yarinya mai farin kaya ta ce in hau sikeli tukuna, kamar buhun riɗi. Wai kilo arba'in da bakwai, ban kai hamsin ba, ba a ɗibar jinin irina. Ke kina hawa, allurar ta tafi kamar ba za ta tsaya ba.

Ikilima: Yaya, ƙibar nan fa ba roƙonta na yi ba. Gwiwoyina ma...

Kubura: Yaya Suhaibu har da cewa, “Allah ya yi wa Ikilima albarka, ita ta ceci Inna.” A gabana! Ina riƙe da kwanon da na gama wanke mata baki.

Ikilima: Wannan kam bai kyauta ba, na kuma gaya masa.

Kubura: Duk wannan na haɗiye. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne tonon asirin da kika yi mini.

Ikilima: Wane tonon asiri?

Kubura: Kar ki raina mini hankali. Da aka ce ana son leda ta biyu, na dawo gida na ɗauko ɗan dutsen niƙan Inna, na ɗaure shi a ƙugu da ɗankwali, na zumbula hijabi. Tun daga Baure yake gurzar mini ƙashi a mota, ban ce uffan ba. Na hau sikeli, allura ta haye hamsin, har na fara naɗe hannun riga. Sai yarinyar nan ta ce, “Baba, a kwance abin da ke ƙugu.” Wurin cike da mutane, har da maza! Wa ya gaya mata in ba ke ba?

Ikilima: Wallahi ba ni ba ce.

Kubura: Ke kika bi ni da kallo da na shigo.

Ikilima: Na ga dai kina tafiya a karkace, na zaci bayanki ne ya tashi. Yaya, Inna ce.

Kubura: Me? Layin ya... wa kika ce?

Ikilima: Inna! Inna ce ta faɗa. Da safen nan da kika zo tayar da ita zaune, ba ƙugunki ta kama ba, yadda ta saba? Ta ji dutsen. Kina fita ta sa na kira mata malamar nan mai farin kaya, ta raɗa mata a kunne.

Kubura: Inna? Inna ta kunyata ni a gaban mutane? To ashe ita ma jinin nawa ne ba ta so. Na ƙauye ne, bai sha madara ba.

Ikilima: Ki bari in gama mana! Bayan kin fice na ce, “Inna, me ya sa?” Sai ta ce, “Kin san da Kubura ta dawo kusa da ni, awarwaro ba ya wuce mata wuyan hannu? Yanzu har gwiwar hannu yake zuwa. Abin da sikelin can ya nema ya rasa, a ɗakina ya zube. Ba zan kwanta a ƙara mini da ɗan abin da ya rage mata ba.”

Ikilima: Halo? Yaya? Ya yanke ne?

Kubura: Ina ji.

Ikilima: Leda ta biyun Yaya Suhaibu ya bayar. Dutsen kuma ta sa an ɗauko mata, yana nan ƙarƙashin gadonta. Mai shara ta zo za ta fitar, ta ce kar wanda ya taɓa, mai shi za ta zo ta ɗauka.

Kubura: Wane irin kunu kike ba ta?

Ikilima: Na gyaɗa, da madara da sukari. Mai kyau ne wallahi, da kaina na dama.

Kubura: Kin ji ba! Madara! Inna rabonta da sukari tun kafin ki haifi Haulatu. Kunun tsamiya take sha, na gero, a tace shi sau biyu, kuma ba da cokali ba, da ƙaramin ludayi. In ya yi zafi ba za ta faɗa ba, sai dai ta juya kai. Ke ba abin da kika sani sai hawa sikeli.

Ikilima: To ai shi ya sa na kira. Ki gaya mini yadda ake yi, in...

Kubura: In gaya miki? Don a ce kunun ma ke kika dama? Allah ya kiyaye! Ina da surfaffen gero a jiƙe, yanzu zan kai niƙa. In na samu motar Baure kafin la'asar, a nan zan yi magariba.

Ikilima: Alhamdu lillahi! Bari in gaya mata, wallahi za ta...

Kubura: Kar ki gaya mata komai, ni ma ina da faɗan da zan yi da ita. Kuma Ikilima!

Ikilima: Na'am, Yaya.

Kubura: Kujerar nan ta gefen gadonta, wadda kika baje a kai. Kafin in iso ki tashi, tawa ce.

Ikilima: Haba Yaya, ai akwai benci a... Halo? Halo? Yaya Kubura?