Matar da ke Gindin Tsamiya

A tashar Kwanar Ɗangora, wata dattijuwa mai suna Kulsumu ta ajiye tsohuwar kwamfutar 'yarta a kan teburin wani mai sayar da wayoyin haɗi.

"Sannu da aiki, Malam. Waya nake nema mai kai hoto cikin babbar talabijin."

Ya leƙa gefen kwamfutar. "Hajiya, bakinta irin na da ne, shuɗin nan. Talabijin ɗin yanzu HDMI take karɓa. Ko an sa mahaɗi, ba zai fito tar ba. Hoton biki ne?"

"Garinmu ne, kafin ruwan madatsar Tiga ya shanye shi. Har yau a mafarki ina bin hanyar rijiyarmu, kifaye na wucewa ta samana." Ta buɗe kwamfutar, ta nuna masa hoton. "Duba nan. Ka ga wata mata can gindin tsamiya, da tulu a ka? Ta fito kamar ƙwayar gero. So nake a faɗaɗa, in ga ko innarmu ce."

Ya daɗe yana kallo. "Gaskiya, Hajiya, abin da kyamara ba ta ɗauko ba, babu wayar da za ta kawo shi. Faɗaɗawa sai ƙarin dishi-dishi."

"Ba za a gane fuskar ba?"

"Ba za a gane ba."

Ta yi murmushi, ta rufe kwamfutar a hankali.

"Alhamdu lillahi. Ke nan babu mai ce mini ba ita ba ce."