Baitin da Inna Ba Ta Ji Ba

ZALIKA: Ni ce marar kunya? Ni na shiga rediyo na tona asirin gidanmu?

MANZO: Ke, ko gaisuwa babu? Ina mutanen Kalfu?

ZALIKA: Lahiya lau, ban da waɗanda ka kashe da baki. Yaya, tun da sahe munka taso, ga mu birnin Tawa gidan waya. Waƙar nan taka...

MANZO: Kun ji ta? Madalla!

ZALIKA: Madalla, wai! Unguwa duk ta taru wajen rediyon Kawu Isufu, ana jiran sanarwar rasuwa, sai ga muryarka: "Ranar da Baba ya cika, na ji sanyi a raina."

MANZO: Alo? Ɗaga murya, layin Yamai na shan iska.

ZALIKA: Na ce Inna ta ji! Ƙwaryar hura ta suɓuce mata.

MANZO: Subhanallahi! To ai aikin mai waƙa ke nan, Zalika. Abin da ya taso maka a zuci ba a binne shi. Sawunshi ake bi kamar na ɓatacciyar akuya, har a iske tunanin da ya haihe shi. Baitin ƙarshe ya bayyana komi: sanyin nan na ganin Baba ya huta da ciwo ne.

ZALIKA: Wane baitin ƙarshe? Kawu ya kashe rediyo. Wai, "Da tsadar batirin ga, ba ni ƙone shi ga ɗan banza!"

MANZO: Ya kashe? Inna lillahi!

ZALIKA: Sai Inna ta miƙe, wai, "Ku gaya ma Manzo kar ya ƙara taka min gida."

MANZO: Ƙarya kike! Inna ta kama sunana? Ni ɗan fari?

ZALIKA: Gaban kowa. Mata har suna toshe kunne.

MANZO: Na shiga uku. Tsaya in karanta miki baitin, ki kai mata.

ZALIKA: Dakata, Yaya, akwai mai...

INNA: Manzo.

MANZO: Ja'ira, bar kwaikwayon tsohuwa! Ina cikin masifa kina wasa?

INNA: Ni ce ja'irar?

MANZO: Inna? Wayyo! Inna, ina wuni... Don Allah ki saurara, wannan hushin ba naki ba ne, na tunaninki ne. Alo? Inna?