Lanƙwasasshen Bututu

A teburin mai shayi kusa da kotun shari'a ta Ƙauran Namoda, Malam Ɗahiru ya lura da bututun da wani mai aikin famfo ke riƙe da shi.

"Bawan Allah, wanga bututu ai ya lanƙwashe."

"Haka ake yin shi, Malam, na ban-ɗaki ne. Ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar, shi ke tare warin rami."

"Ni kuwa sawa na yi aka miƙe nawa, kada najasa ta kwana min a gida."

"To, wari fa?"

Malam Ɗahiru ya daɗe yana juya shayinsa.

"Warin ne ya kawo ni ƙara. Wata bakwai ban gaida maƙwabcina ba, ina cewa daga masansa yake fitowa." Ya aje kofin. "Sayar min da wanga, tun ba a kira mu ba."