Miyar da Aka Ce Ta Kayar da Dojin

HYESUK: Halo? Narae? Ɗaga murya, ina cikin jirgin ruwa, injin nan ya cika min kunne!

NARAE: Yaya, ina wuni? Kin ci abinci?

HYESUK: Sai mun sauka. Ke fa? Ya Seoul, ya shagon furanni?

NARAE: Lafiya lau. Ya gwiwar Mama?

HYESUK: Da sauƙi. Tana can bakin gaɓa tana yi wa kowa faɗa, kin ga kuwa ta warke. Ganyen tekun da na aiko miki ya iso?

NARAE: Ya iso. Shi ne ma ya ja min.

HYESUK: Me ya ja miki? Ke, kuka kike yi?

NARAE: Ba kuka ba ne, baƙin ciki ne. Uwar Dojin ta zo shago yau da safe.

HYESUK: Uwar wa? Iska ta ɗauke.

NARAE: Dojin! Saurayina!

HYESUK: Matar mai otal-otal ɗin nan? Da ƙafarta?

NARAE: Da ƙafarta, direba na riƙe mata jaka. A gaban masu saye ta yi jifa da kulata, murfin ya tsage. Wai ni na kashe wa ɗanta rayuwa.

HYESUK: Kula kuma? Me ya kai kularki hannunta?

NARAE: Jiya ranar haihuwarsa ce. Na dafa masa miyar ganyen teku, yadda Mama ke yi mana duk shekara, na kai masa kafin ya shiga ofis. A mota ya sha. Direbansa ne ya kai mata rahoto, har da kular.

HYESUK: To laifin me? Wane ɗan ƙasar nan ne ba ya shan ta ranar haihuwarsa?

NARAE: Ashe jiyan ce uban ya tara manyan kamfani, zai zaɓi wanda zai gaje shi tsakanin Dojin da yayansa.

HYESUK: Narae! Miya mai santsi a rana irin wannan? Ko makon jarrabawa Mama ba ta bari mu taɓa ta, kada mu zame mu faɗi!

NARAE: Ina na sani? Bai gaya min ba!

HYESUK: Ya faɗi?

NARAE: Yayan aka ba.

HYESUK: Tabɗi.

NARAE: Har da ke, Yaya? Kin san a duk gidan nan babu wanda ya tuna ranar? Shekara talatin da biyu, uwar ba ta taɓa ɗora masa tukunya ba. Sakatariya ke aiko masa da agogo, bara ma har da sunan yayansa a jikin katin. Suna cin abinci a tebur ɗaya ba mai ce wa wani uffan. Uban tun suna yara yake haɗa su kamar zakaru. Amma wai miyata ce ta kayar da shi!

HYESUK: Ke kuma kika tsaya tana zazzaga miki?

NARAE: Na sunkuya na gaishe ta. Ta dubi hannuwana ta ce warin kifi bai bar ni ba.

HYESUK: Warin me? Ba ni lambarta! Ganyen da ake dafawa a otal ɗinsu daga ina yake fitowa, daga jakarta? Hannun nan namu ne ke janyo shi daga ruwa cikin sanyi!

NARAE: Ta ce in rabu da shi kafin Juma'a, ko su tura shi reshensu na ƙasar waje.

HYESUK: Shi gogan me ya ce?

NARAE: Abin da ke cin raina ke nan. Tun jiya wayarsa a kashe.

HYESUK: Ragon banza! Shi ai ya san da taron, ko?

NARAE: Ya sani. Ya buɗe kular, ya daɗe yana kallon ta, sannan ya shanye tas. Har ya ce ko da saura.

HYESUK: Ya sha, ya bar ki da zagi. Tattara kayanki ki hau motar garinmu Wando ta yamma. Ga mu ma mun iso gaɓa, bari in ɗaure... Kai! Wane mara hankali ne ya ajiye baƙar mota a kan wurin shanyarmu?

NARAE: Yaya, ina miki magana...

HYESUK: Tsaya. Akwai wani dogo da kwat zaune a kan kwandon kifi kusa da Mama. Takalmansa sun jiƙe sharkaf. Mama na nuna shi da ludayi, shi kuma sai sunkuyar da kai yake yi.

NARAE: Yana da tabo a girar hagu?

HYESUK: Daga nan zan hango gira? Bari in matsa... Akwai!

NARAE: Dojin ne! Me yake yi a can?

HYESUK: Faɗan ya ƙare, ga alama. Ta zuba masa, ya karɓa da hannu biyu.

NARAE: Me ta zuba masa?

HYESUK: Wace miya gare mu a gidan nan?

NARAE: Ba shi wayar! Yaya, ba shi!

HYESUK: Sai na fara gaya masa nawa tukuna. Kai, mai kwat! Zo ka janye motar nan, sannan ka...

NARAE: Yaya? Halo? Yaya!