Kada Wanda Ya Sake Taɓa Mini Tebur

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyar masu gareji, mataimakinsa, sakatare, manyan kanikawa, masu walda, masu fenti, da ku da kallo kawai ya kawo ku, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka bar ni in yi magana kafin a ɗaga hannu, ko da yake na ji an so a yanke hukuncin kusurwar da nake aiki a garejin nan ina gida kwance da ciwon baya. In kun ga na dafa kujera, ku yi haƙuri, ƙafa ce.

Na farko, an ce na tare wuri da injin da ba zai tashi ba, a ba mai gyaran birki kusurwar. Gaskiya ne ni ba bakanike ba ne. Direba ne ni, na ƙare ƙuruciyata ina jan babbar mota a hawa, ƙananan motoci suna wuce ni kamar an kafe ni. Da 'ya'yana suka karɓe makulli, wai idona ya yi rauni, na ce to, tun da ba zan tuƙa ba, zan haɗa injin motar tsere da hannuna, ko sau ɗaya kafin in mutu. Aka yi dariya. Mai fenti ya sa mini Baba Sannu-sannu, kullum sai ya leƙo ya tambaye ni ko jirgin sama nake ƙerawa. Na shanye.

Na biyu, an ce na daɗe. Na daɗe, amma a tambayi dalili. Babban bakanike, Allah ya saka masa da alheri, shi ya koya mini cewa marufan da ke riƙe karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, kowanne da gurbinsa, kowanne da inda yake fuskanta, in ka musanya su ƙarfe ya cije. Ni ban yi makaranta ba, ba na rubuta lamba. Jera su nake yi a tebur, daga hannun taga zuwa hannun ƙofa, kowanne da notinsa a gefe. Teburin nan shi ne karatuna. Ranar da aka yi sharar gareji ba na nan, mai walda ya kwashe su duka, ya wanke da fetur, ya zuba a roba ɗaya. Da na zo har jira yake in gode masa. Ya ce, "Baba, ka ga yadda suke ƙyalli?" Jama'a, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Sakatare kuma, maimakon jaje, cewa ya yi laifina ne da ban sa alama ba.

Tun daga ranar nake ɗaurawa ina kwancewa, in ɗaura in juya, ya cije, in kwance in sake. Yatsuna sun kumbura, matata ta gaji da wanke baƙin mai a riguna, ni ma na gaji, wallahi na gaji. Amma shekaranjiya karanshaf ya juya da yatsa biyu, sumul, babu wanda ya zo ya gani. Saura fistan da zobbansu, saura kan inji, ga su can jere a tebur.

Na uku, roƙona. Ba na neman wurin har abada, mai gyaran birki yana da iyali, na sani. Ku bar ni har injin nan ya yi kuka sau ɗaya, ko ya tashi ko ya fashe, rannan zan share kusurwar da kaina. In kuwa hannuwanku sun ce in fita, zan fita, ba na faɗa da jama'a. Sai dai a ɗauki teburin ɗungurungum, yadda yake, ina gaba ina kallo, a kai shi tsakar gidana. Wanda ya ɗaga ko noti ɗaya, ban yafe ba.

Allah ya albarkaci sana'arku, ya tsare hannuwanku daga ƙarfe da wuta, ya ba ku tsufa mai mutunci, ya haɗa ku da masu tambaya kafin su taimaka. Shugaba, a ɗaga hannun, ina so in zauna.

Na gode.