Mai Gyaran Keken da Ya Ƙwace Mini Tasha

Ina tafa hannu ga Sarkinmu da dattawan da suka rako shi. Ina gaida Fasto, da Kansila, da masu unguwanni. Amai Rudo, wato mahaifiyar Rudo a harshenmu, uwargidan marigayi, da ke Rudo da ƙannenki, da dangin Gwatidzo baki ɗaya, mu mutanen Chirombe muna muku gaisuwar rashi. Mu ma namu ne ya tafi.

Sunana Enoch Mandizha. Ni ne sahwiran Phineas Gwatidzo, amininsa na wasa, wanda al'ada ta yarje wa ya faɗi gaskiya a ranar irin ta yau ba a ci shi tara ba. To, yau gaskiyar a kaina za ta sauka.

Ku dubi wannan tasha da muke zaune a cikinta. Shekara ashirin da tara ina juya wa jirgin ƙasa layi a nan. Phineas bai taɓa yi wa jirgi aikin yini ɗaya ba. Facin keke yake yi a gindin bishiyar kasuwa. Amma yau motoci sun cika fili saboda shi, har daga Harare. Na tsaya a ƙofa ina kallonsu, ina tambayar kaina ko nawa za su zo nawa taron.

Ya kasance mutum mai naci. Da aka rufe layin nan, aka kwashe ƙarafan, aka yaye kwanon rufin, awaki suka gaje ɗakin yankan tikiti, mu tsofaffin ma'aikata sai muka koma gidan giya muna ba da labarin jirgi. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Wata Asabar sai ga shi da tsintsiya.

Ya ce, "Enoch, ina makullin tasha?"

Na ce, "Wane makulli? Ƙofar ma an yi girki da ita."

Ya ce, "To, ka ga an rage mana aiki."

Muka yi masa dariya har da riƙe ciki. Ya yi shara shi kaɗai. Asabar ta gaba matan coci suka bi shi. Kafin damina biyu an ɗora rufi, an yi fenti, an baje tsakuwar tsohon layin ta zama hanyar keke, kilomita goma sha bakwai. Ni da na san kowace kwana ta layin nan, ina gefe na harɗe hannu.

Ya kasance mai faɗin tarihi ba daidai ba. Ki yafe mini, Amai Rudo, haka ne. Baƙi masu matsattsun wanduna su zo da kekunansu, su zagaye shi, ya ce musu jirgin ƙarshe ranar Juma'a ya wuce. Laraba ce! Ni na ɗaga masa tuta! Sau da yawa yakan turo mini su, ya ce ga wanda ya sani. Sai in ce wa matata ta faɗa musu ba na nan. Ita kuwa matar tawa, da take sayar musu da sadza, tuwonmu na masara, da gasasshiyar masara a bakin dandamali, kullum da safe sai ta ce, "Na tafi tashar Phineas." A cikin gidana! Ina jin haka shayin ya daina shiga.

Ya kasance mai haƙurin da ke ƙona wanda ake yi wa shi. Kun san inda hanyar ta tsaya. A shingena ta tsaya. Bayan rufe layin na faɗaɗa gonata a kansa, taku ɗari biyu kacal, kuma ƙaramin asibitinmu yana can bayanta. Duk mai zuwa asibiti sai ya sauka, ya tura kekensa ya hau kwalta, inda manyan motocin taba ke gudu. Shekara huɗu Phineas yana zuwa gidana kafin shuka.

"Sahwira, taku ɗari biyu ne."

"Ka samu tasha, ka samu suna a jarida, masarata ma kake so?"

Sai ya yi dariya, ya cinye gyaɗata, ya tafi.

Bara, a kan wannan kwaltar, mota ta ture 'yarsa Rudo cikin kwalbati tana hanyar zuwa aikinta na jinya. Hannunta ya karye biyu. Na zauna a gida ina jiran ya zo ya zage ni, don in samu abin ramawa. Ya zo. Ya tambayi lafiyar shanuna. Ko sunanta bai ambata ba. Rudo, 'yata, tun ranar ban iya haɗa ido da ke ba. Yau na ɗago kai. Laifina ne, ki yafe mini.

Da ciwon ya kwantar da shi na je dubiya. Ya rame, muryar ta tafi. Ya jawo hannuna ya ce, "Enoch, tashar nan taka ce. Ni shara kawai na yi." Kun san abin da na ce wa mutumin da ke bakin mutuwa? Na ce, "Da ka sani ai da ka bar mini tsintsiyar." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na fito ban ce masa na ba da hanyar ba. Na ce a raina sai ya warke, ya zo ya sake roƙona sau ɗaya. Ranar Talata ya rasu.

Amai Rudo, ba ni da abin da zan ce da zai cike miki ɗakin nan. Abin da nake da shi ƙarami ne, kuma ya makara. Jiya da safe na tuge turakun shingen. Masarar ta fara fitar da gemu, na sare ta. Hanyar ta buɗe har ƙofar asibiti. Na ji kuma ana shawarar a rubuta sunansa a goshin tashar nan, ana raɗa cewa Mandizha zai hana. Ba zan hana ba. Ni zan riƙe tsanin. Amma kada ku ce in kalli sama ina murmushi, don har yanzu abin yana ci mini rai, kuma shi ya san haka, bai taɓa fasa kirana sahwira ba.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da matan da suke kan murhu tun safe. Ubangiji Ya karɓi bawansa Phineas, Ya sanyaya zuciyar iyalinsa, Ya tsare duk wanda zai bi hanyar nan. Ni kuma Ya yaye mini wannan kishi kafin in je in tarar an ba shi wuri mafi kyau a can ma. Amin.